Da ruwan ciki ake jan na rijiya



Kowace shekara, in an gama girbi aka buɗe cibiyoyin yaƙi da jahilci, mukan zagaya garuruwa domin mu ga yadda karatu ke tafiya. In an tashi daga darasi, mukan zauna da jama'a a gindin icce mu tambaye su labarin garinsu. Amsar kusan iri ɗaya ce ko'ina: ba mu da fanfo, ba mu da gidan likita, ba mu da hanya, furoje bai zo mana ba. Duk wannan gaskiya ne, ba mu musa ba.

Wata rana, a wani gari, da aka gama lissafa abubuwan da babu, sai muka ce: “To, mun ji. Yanzu ku faɗa mana abin da kuke da shi.” Aka yi shiru. Can sai wata tsohuwa ta ce: “Talauci ke gare mu, malam.” Aka fashe da dariya. Muka ce: wa ya ƙera hauyar da kuke noma da ita? Aka nuna maƙeri. Wa ya gina rijiyar da kuke sha? Aka ce ai maginin yana nan da ransa, ɗansa ma ya iya. Wa ke ɗora ƙashi in ya karye? Wa ke adana irin hatsi mai saurin nuna? Wa ke gyaran babur? Kafin a kira sallar magariba allo ya cika da sunaye.

A garin nan akwai injin niƙa da aka ba su kyauta. Mun iske shi cikin rumfa, ƙura ta rufe shi, saboda wani ɗan ƙarfe da ya lalace ba a sake ba. Muka tambayi dalili, aka ce: “Ai injin furoje ne, muna jiran su zo.” Kusa da rumfar kuwa ga masallacin da suka gina da hannunsu. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai sun yi gayya sun yaɓe shi, ba wanda ke jiran kowa.

Wannan ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wani abu guda: aikin raya gari da aka kafa bisa abin da mutanen garin suka iya, suka kuma ɗauka nasu ne, shi ke daɗewa. Za mu kawo misali huɗu, dukansu daga ƙasarmu. Daga nan mu nuna yadda kowane gari zai ƙidaya arzikin da ke hannunsa.

Dajin da ke ƙarƙashin gona

Waɗanda suka manyanta sun tuna yadda gonakin jahar Maraɗi suka koma bayan farin 1973. A lokacin, manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta fita fes, babu ko tsiron sabara. Kowace bazara a sassabe, a tara, a ƙone. Iska ta samu fili, tana binne shuka da rairayi, har mutum ya shuka gona sau biyu ko uku a damana ɗaya. Mata suna doguwar tafiya neman iccen girki, wasu suna dafa tuwo da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

An kashe kuɗi masu yawa wajen renon itatuwa cikin leda, ana kai su ƙauyuka da mota ana dasawa. Mafi yawansu ba su rayu ba: rana ta ƙone wasu, gara ta ci wasu, awaki suka ƙarasa sauran.

A 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Toni Rinaudo, wanda ke aiki a Maraɗi, ya lura da abin da kowa ke takawa kullum. Ƴan tsire-tsiren da ake sarewa kowace shekara tohon kututture ne. Iccen da aka sare tun da daɗewa bai mutu ba, saiwarsa tana nan da rai, ta yi nisa cikin ƙasa inda laima take. In aka bar tohon aka gyara shi, yana girma da sauri fiye da dashe, domin saiwarsa ta riga ta kafu. Wannan aiki shi ne aka sa wa suna sassabin zamani.

Da farko manoma ƙalilan suka yarda suka gwada, maƙwabta suna yi musu ba'a, suna cewa gonarsu ta yi dauɗa. A yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El-Buhari, aka haɗa raba cimaka da barin itatuwa cikin gona a garuruwa wajen ɗari. Da aka daina rabon, mutane da yawa suka koma suka sare itatuwansu. Wannan darasi ne babba: abin da mutum ya yi don a ba shi tiyar hatsi, ran da tiya ta ƙare shi ma ya ƙare. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani da idonsu. Iska ta rage cin shuka, ganye ya zuba ya zama taki, ga iccen girki a kusa, ga na sayarwa a kasuwa. Daga nan maƙwabci ya riƙa koyo wurin maƙwabci, gari ya koya wurin gari, ba mota, ba albashi.

Bayan shekara ashirin da ƴan kai, masu bincike suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a da, da na baya-bayan nan. A 2009 suka bayyana cewa manoman Nijar sun maido da itatuwa a fili mai faɗin hekta wajen miliyan 5, itatuwan kuwa sun kai wajen miliyan 200, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Sun ƙiyasta cewa wannan yana ƙara wa ƙasa cimaka wajen tan 500.000 a shekara. Kayan aikin da aka yi wannan da su: adda, gatari da lauje, waɗanda maƙerin gari ke ƙerawa.

Mu lura da cewa sanin icce ba baƙo ya kawo mana shi ba. A ƙasar Magarya, Matamai da Mirya, manoma sun daɗe da sanin darajar gawo: yana kaɗe ganyensa da damana, don haka ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma ya ba bisashe inuwa da ƴaƴa. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya hana saran gawo a zamaninsa. Mata sun san kalgo, sun san aduwa da magarya da anza, sun san kukar da ganyenta ya fi daɗin miya. Abin da ya rage shi ne mutum ya tabbata cewa iccen da ya rena nasa ne. A ƙarƙashin dokar daji ta da, manomi yana tsoron tara ko a kan iccen da ke cikin gonarsa, don haka bai ga dalilin renonsa ba. Da aka sassauta, itatuwa suka dawo. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena ta wannan hanya.

Wasu garuruwa sun ƙara da tsari. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, jama'a sun kafa komitin tsaron itatuwa, suka sa maza da mata da Fulani makiyaya a ciki, suka tsai da ƙa'ida a kan wanda ya sari iccen wani. Ba don wannan ba, ɓarawon dare ɗaya ya isa ya kashe wa manomi gwiwa.

Ga wanda bai fara ba, aikin ba shi da wuya:

1. A lokacin sassabe, zagaya gonarka ka zaɓi kututturan da kake so su zama itatuwa.
2. A kowane kututture ka bar toho uku zuwa biyar, waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa. Ka sare sauran.
3. Ka rage rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawon tohon. Kar ka aske shi duka, zai karye da iska.
4. Ka wasa addarka, ka yi sara daga ƙasa zuwa sama, don kar ɓawon ya yage.
5. Ka ɗaura ƙyalle a jiki, alamar cewa iccen yana da mai shi.
6. Bayan ƴan watanni ka koma ka cire sabon tohon da ba ka so. In sun girma, kana iya sare sanda ɗaya kowace shekara, ka bar wata ta maye gurbinta.

Fako ya koma gona

Misali na biyu daga ƙasar Adar yake, a jahar Tawa. A can akwai fako mai yawa, ƙasa mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga. A 1989 wani shirin raya karkara ya kai wasu manoman Illela ƙasar Yatenga, a Burkina Faso. Can suka ga yadda manoma irinsu ke haƙa ramu a fako da rani, su zuba taki, su jira ruwa. Cikin waɗanda suka inganta wannan dabara har da Yakuba Sawadogo, manomi wanda bai yi makarantar boko ba, wanda aka ba babbar kyauta ta duniya a ƙasar Suwidin a 2018, shekara ɗaya da Toni Rinaudo.

Mutanen Adar sun riga sun san tassa, wato ƙananan ramun shuka. Da suka komo gida sai suka faɗaɗa ta. Ana haƙa rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfinsa wajen 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kamar taki ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara tana zuwa cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. In ruwa ya sauka a shuka hatsi ko dawa cikin ramin.

Aikin yana da wahala, ba mu ɓoye ba. Amma filin da bai taɓa ba da dami ɗaya ba ya koma yana cika rumbu. A wajen Badagishiri har fako ya yi kuɗi, mutane suna saye suna gyarawa. Wasu samari suka ƙware da haƙar tassa, ana ɗaukar su aiki da rani, suna samun na kansu ba su tafi ci-rani ba.  A nan ma manomi ya riƙa koyo wurin manomi.

Akwatin mata mai makulli uku

Misali na uku na mata ne. Tun kaka da kakanni matan Hausa suna adashi: kowace ta zuba, a kwashe a ba ɗaya, haka har a zagayo. A 1991, a jahar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara aka gyara wannan tsohuwar al'ada, aka sa mata suna Mata Masu Dubara. Ba a ba su jari ba. An koya musu tsari kawai.

Ga yadda abin yake. Mata kamar ashirin da biyar ko talatin, waɗanda suka san juna suka yarda da juna, su kafa ƙungiya. Su zaɓi shugaba, da ma'aji, da masu ƙidayar kuɗi. Kowane mako su taru, kowace ta zuba abin da aka tsai da. Ana ajiye kuɗin cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Wadda ke son rance ta faɗi abin da za ta yi da shi, a ba ta na ɗan lokaci, ta maido tare da ɗan abin da ƙungiya ta yarda a ƙara. In shekara ta zagayo, a fasa asusu a raba.

Mu yi lissafi tare, kamar yadda muke yi a aji. Mata 30, kowace tana zuba dala ashirin a mako, jika 3 ke nan. A mako 52 sun tara jika 156. Wannan kuɗi ne da ke cikin garin tun can, a ƙulle a bakin zane, yana zubewa kaɗan-kaɗan. Da shi wata ke sayen gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli, wata ta sayi ɗan rago ta yi turka, wata ta sayi jar akuyar Maraɗi, wadda ta saba haihuwar tagwaye.

Amfanin bai tsaya kan sana'a ba. Ƙungiyoyi da yawa suna ware wani ɗan asusu dabam domin lalura. In naƙuda ta yi tsanani cikin dare, ko zazzaɓi ya kama yaro, ana samun kuɗin amalanke ko na mota nan take, ba sai an jira ranar kasuwa an sai da akuya da araha ba. Wasu ƙungiyoyin suna sayen hatsi da kaka lokacin da yake da sauƙi, su ajiye, su fitar da shi tsakiyar damana lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Matan da suka saba magana a taron asusu kuma sun daina jin nauyin magana a taron gari. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 wasu daga cikinsu suka tsaya takara, aka zaɓe su.

Yau wannan tsari da aka fara a ƙauyukan Maraɗi ana aiki da shi a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. Dabarar matanmu ce ta tafi can.

Uwa ta fi kowa sanin ɗanta

Misali na huɗu ya shafi lafiya. Tamowa tana kama yaranmu da yawa, musamman daga tsakiyar damana zuwa kaka, lokacin da cimaka ta yi ƙaranci, zazzaɓin sauro da zawo kuma suka yi yawa. Matsalar ita ce sau da yawa ba a kai yaro gidan likita sai ya galabaita. A da, ma'aikacin lafiya ne kaɗai ke auna yara, shi kuwa ba kullum yake zuwa gari ba.

A gundumar Mirya, cikin shekarun 2013 da 2014, ƙungiyoyin likitoci na BEFEN da ALIMA suka gwada koya wa iyaye mata awon damtse da kansu. Abin awon ɗan madauri ne mai launi uku. Aka iske matan da ba su taɓa shiga aji ba suna awon daidai kamar ma'aikatan sa kai da aka horar. Aka kuma iske suna kawo yara da wuri, tun ciwon bai kai ga kwanciya asibiti ba. Dalilin a fili yake: uwa tana tare da ɗanta dare da rana.

Ana auna yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. A sa madaurin a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kar a matse, kar a sake. In ya nuna tsanwa, yaro yana lafiya, a ci gaba da kulawa. In ya nuna ruwan ɗorawa, tamowa ta fara, a kai shi a duba. In ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, a kai shi gidan likita a ranar, kar a kwana. Haka kuma a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku. In wurin ya lotsa bai taso ba, wannan kumburin tamowa ne, shi ma ba a jira.

Rigakafin kuma yana cikin gidajenmu. Jariri ya sha nonon uwa kaɗai har wata 6. Daga nan a ci gaba da ba shi nono, a ƙara da kunun hatsi mai kauri wanda aka sa wa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da ɗan mai, da garin zogala ko na kuka. A kowane gari akwai matar da, duk da rashi, yaranta suke da ƙoshin lafiya. Ita ce malamar da ta kamata a fara tambaya.

Yadda za mu ƙidaya arzikin garinmu

Cikin misalan nan huɗu akwai hannun baƙo, kuma ya yi amfani. Amma ku duba abin da baƙon ya kawo: ido, da tsari, da ɗan horo. Kututture, da tassa, da adashi, da kulawar uwa, duk ya iske su nan. Saboda haka muna ba kowace cibiyar karatu shawara ta yi wannan aiki a ranin bana. Allo da alli da littafin rubutu ɗaya sun isa. A nemi izinin mai gari da liman, a raba masu karatu biyu-biyu, su bi gida-gida. Mata su shiga wurin mata. A rubuta abubuwa biyar.

Na ɗaya, aikin hannu. Maƙera, magina, masassaƙa, majema, dukawa, masu ginin tukwane, masu saƙar tabarma da igiya, maɗinka, mahauta, masu haƙar rijiya, masu gyaran babur, fanfo, salula da fitilar rana. Kar a manta da samarin da suka komo daga ci-rani. Da yawa sun koyo gini, walda ko aikin lambu a Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Abijan, ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Na biyu, sanin kai. Wa ya san irin hatsi da wake da ya dace da kowace ƙasa? Wa ya san ciwon bisashe? Wa ya san iyakokin gonaki da burtali? Wa ake kira in za a sasanta rigima? Wa ya iya rubutu da lissafi, da boko ko da ajami?

Na uku, ƙungiyoyi. Asusun mata, ƴan gayya, ƙungiyar samari, komitin rijiya, iyayen yaran makaranta, makarantar allo, da ƴan garin da ke zaune a birni ko a ƙasashen waje.

Na huɗu, abin da Allah ya ba garin: fadama, tafki, fako, itatuwa, yumɓu, kaba, takin da ke jibge a bakin gari ba a kai gona ba. Sunan Galmi ya kai har bakin teku saboda albasa, Madawa ta yi suna da tabarmi, Mirya da tukwane da kuka, Damagaram da aikin fata. Kowane gari yana da abin da ƙasarsa ta fi so.

Na biyar, kuɗin da ke fita. A zauna a lissafa abin da garin ke saye daga waje kowace ranar kasuwa: mai, sabulu, kayan miya, ƙofa, kujerun makaranta, gyaran amalanke. Sai a tambaya: cikin waɗannan, wanne ne wani namu zai iya yi? Dalar da ta zagaya hannu uku cikin gari kafin ta fita ta ciyar da gida uku.

In an gama, a tara gari a karanta da ƙarfi, kowa ya ji sunansa. Daga nan a zaɓi aiki ɗaya, ƙarami, wanda za a iya gamawa kafin shuka ba tare da jiran kowa ba: gyaran bakin rijiya, sassabin zamani a gonaki goma, tassa a wani fako, ko asusun gyaran fanfo. A faɗi wanda zai yi kaza, da ranar da za a gama. Duk dalar da ta shiga ko ta fita a rubuta ta, a karanta a bainar jama'a kowane wata. Mun ga ƙungiyoyi da yawa da suka watse, kuma abin da ya fi watsa su shi ne zargi a kan kuɗi. A nan ne amfanin karatunku zai fito.

Abubuwan da za mu kiyaye

Kar a ware kowa. A wasu wurare ana raina masu sana'ar gado, kamar maƙera, majema da mahauta, ba a ba su bakin magana a taro, alhali da hannunsu gari ke tsaye. Haka makiyayan da ke zaune a gefen gari, da matan da ba sa fita, da naƙasassu. Garin da ya bar su a baya ya zubar da rabin arzikinsa.

Kar mutum ɗaya ya riƙe kome. In shugaba shi ne ma'aji, shi ne mai rubutu, ranar da ya yi tafiya aiki ya tsaya.

Kar kuma a fahimce mu a baibai. Ba mu ce gari ya gina wa kansa hanyar kwalta ba, ko ya yi wa kansa allurar rigakafi. Likita, malamin makaranta, rijiyar burtsatse da magani haƙƙinmu ne a kan hukuma, mu ci gaba da nema. Sai dai akwai bambanci tsakanin garin da ya je ya ce “ku taimake mu, ba mu da kome”, da wanda ya je da littafinsa ya ce: “Muna da magina biyu, mun tara yashi da tsakuwa, ga abin da ke cikin asusunmu, siminti da ƙarfe muke nema.” Na biyun ana saurin sauraron sa. In aikin ya ƙare kuma, shi zai kula da abinsa, domin guminsa yana ciki. Magabata sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Wane aiki ne garinmu ya taɓa yi da kansa, ba da taimakon kowa ba? Yaya aka yi shi?
2. Akwai wani kayan aiki da aka ba mu wanda ya lalace yana ajiye? Mi ya hana a gyara shi?
3. Wace sana'a ce ke shirin ɓacewa a garinmu, wane yaro ne kuma zai koye ta?
4. Mata nawa ne a unguwarmu suka iya awon damtse?

Duk cibiyar da ta yi wannan ƙidaya, ta rubuto mana abin da ta samu da hannun masu karatunta, za mu buga domin sauran garuruwa su amfana. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya kai mu damana mai albarka.